Rijiyar Kande

Dukanku kun san Malama Hadiza tun kuna ƙanana, lokacin da take zuwa gidan nan na Gyadi-Gyadi gaishe ni kowace salla, kun kuma lura da shekarar da ƙafarta ta ɗauke. Babu wanda ya tambaye ni dalili a cikinku, amma na san abin da kuka ji a bakin masallaci. Wasu sun ce tsufa ne ya taɓa ni har na miƙe gaban jama'a na ƙaryata kaina, wasu kuma sun ce hassada ce don ɗaliba ta wuce malaminta. Tunda yanzu ba ni da aikin da ya wuce shan magani da jiran kiran salla, bari in rubuta muku yadda aka yi, kada ku karɓi labarin ubanku daga bakin masu zaman benci.

Lokacin da aka tura ni koyar da tarihi a wata sakandaren 'yan mata a Tarauni, hanya ɗaya aka sani. Malami ya juya wa aji baya ya cika allo, yara su kwafa, ya goge ya sake cikawa. Wane ya yi sarauta shekara kaza ya rasu, wane ya gaje shi. Ranar jarrabawa su dawo maka da kayanka yadda ka ba su, ko waƙafi ba su taɓa ba. Wata rana na yi kuskure na sa jika ya riga kakansa hawa gadon mulki, yara sittin suka kwafa, babu wadda ta ɗaga kai. Abin ya tsaya mini a rai. Na ga cewa ko na ce musu jaki ne ya gina ganuwa za su rubuta, su ja layi a ƙarƙashi da jan biro.

Daga nan na fito da tawa dabarar. Na gaya musu cewa a darasin kowace Litinin zan saka ƙarya guda ɗaya, kuma suna da zuwa Juma'a su kamo ta. Ba a yarda da "ina jin" ba, sai an kawo hujja, ko daga littafi, ko daga bakin wani babba, ko a nuna inda maganata ta ci karo da kanta. Wadda ta kama ni ita za ta zauna a kujerata ranar Juma'a, ni kuma in matse a bencinta har a tashi. In babu wadda ta gano, ni da kaina nake tonawa kafin a kaɗa ƙararrawa. Ban taɓa ganin abin da ya tayar da aji kamar wannan ba. Yaran da ba su san ƙofar laburare ba suka koma rigima a kan littafi ɗaya. Iyaye suka fara aiko mini da saƙo cewa an hana su sakat da tambayoyi. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina tafiya a harabar makaranta kamar ni na ƙirƙiro karatu.

Mutum biyu ne ba su yaba ba. Innarku ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda mutum da gemunsa yake karɓar albashi don ya shirga wa 'ya'yan mutane ƙarya ba. Na biyun shi ne Mista Effiong, malamin labarin ƙasa, mutumin kudu da ya daɗe a Unguwa Uku har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya saurari bayanina har ƙarshe a ɗakin malamai, sannan ya ce:

"Malam Sule, dabarar ta yi. To ranar da Juma'ar ta zo ba ka nan fa?"

Na yi dariya na ce masa ina zan je.

A zangon ƙarshe na shekara ta uku da fara wannan wasa muka zo kan darasin fatake, yadda ayari yake tafiya, aikin madugu, da inda ake yada zango kafin a shiga birni. A bayan makarantar akwai wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe, an jefa mata ƙaya a baki don kada awaki su faɗa. Ina tsaye ina kallonta ta taga sai ƙaryar makon ta zo mini a shirye. Na ce musu tun kafin zuwan Turawa wata bazawara mai suna Kande ce ta sa aka haƙa ta da kuɗin saƙarta, don fataken da suka biyo hanyar Zariya su sha su shayar da dabbobinsu kyauta. Na ce har madugai kan kawo mata ƙara in rigima ta tashi a ayari, ta yanke hukunci tana zaune a inuwar darbejiyar da ke bakin rijiyar. Sunan na aro shi ne daga mai sayar da ƙosai a bakin get. Darbejiyar kuma ita ce ƙofar da na bar musu a buɗe, domin a zangon da ya wuce na koya musu cewa a zamanin Turawa aka shigo da itacen ƙasar nan. Na ɗauka kafin Laraba an kama ni.

Akwai wata yarinya a layin baya, Hadiza, 'yar wani tela a Darmanawa. Ba ta magana a aji, ba ta kuma taɓa shiga farautar ƙarya ba. Ran nan na ga ta ajiye biro tana kallona. Da aka tashi ta biyo ni har baranda.

"Malam, mace ce ta yi duk wannan?"

"Mace ce," na ce mata, na wuce ina murmushi.

Ranar Laraba aka aiko daga ƙauye cewa kakanku ya rasu. Na tafi ban ko koma makaranta ba. Bayan sadakar bakwai sai maganar gona da ta ƙannena ta riƙe ni, da na dawo an shiga jarrabawa, kafin a dawo hutu kuma takardar canjin wurin aiki ta same ni, aka mayar da ni wata makarantar maza a can bayan gari. Ba zan ce muku na manta ɗungurungum ba. Na tuna sau ɗaya, ina cikin motar haya, na ce a raina ai darbejiyar a fili take, wata za ta gano. Daga nan ban sake waiwayar maganar ba har shekara ashirin da wani abu.

A cikin waɗannan shekaru Hadiza ta yi karatu mai zurfi, ta zama malama a kwalejin horar da malamai, kuma abin da take koyarwa shi ne dabarun koyar da tarihi. Duk inda ta tsaya sai ta ce ni na sa ta a hanya, ni kuma in karɓi yabon hannu bibbiyu ban taɓa tambayar ta wace hanya ba. Da aka cire tarihi daga manhajar ƙananan azuzuwa tana cikin waɗanda suka yi ta kai gwauro suna kai mari har aka dawo da shi. Da aka dawo da shi sai aka rasa littattafai da malaman da suka san kan abin, aka ba ta aikin rubuta ɗan littafin jagora da kuma horar da malamai a wani taro da za a yi a kwalejinsu. Ra'ayinta shi ne kada a fara wa yaro da daulolin da bai san inda suke ba. A fara masa da abin da zai iya takawa da ƙafarsa ya gani a unguwarsu, ya taɓa, ya tambayi kakarsa, daga nan a faɗaɗa. Har gobe ina ganin wannan ita ce hanya mafi kyau.

Wata Asabar da hantsi ta kawo mini littafin kafin a kai shi ɗab'i, tana so in rubuta gabatarwa. Ta zo da 'yarta ta uku, wadda aka sa wa sunan surukarta, don haka ba a kiran sunan a gida. Na tambayi yarinyar yaya ake ce mata, ta ce Kande. Na ce suna mai daɗi, na tsofaffi, ban kawo komai a raina ba. Sai bayan sun tafi na buɗe babi na farko na ga kansa: Rijiyar Kande.

Na karanta shi sau biyu a zaune a tabarmar zaure. Kusan duk abin da na faɗa ran nan yana ciki, har da ƙari. Kande ta samu miji da ya rasu a hanyar Gwanja, rijiyar ta samu zurfin gaba goma sha biyu, an ma san irin hukuncin da ta yanke tsakanin wasu madugai biyu a kan jaki. A ƙasan shafi an jera dattawa biyar da aka yi hira da su, da unguwar kowanne. Akwai hoton rijiyar, an zagaye ta da bulo an shafa farar ƙasa, ga ɗaliban kwaleji a tsaye da littattafai. Ashe shekara da shekaru nan take kai su don su ga yadda ake fara darasi daga unguwa.

Ban sha wahalar gane yadda aka yi ba. Yara sittin sun koma gida ran nan da labari mai daɗi, sun ba iyayensu da kakanninsu, babu kuma wanda ya zo ranar Juma'a ya ce a mayar. Bayan shekara ashirin malama ta zo a mota, ta durƙusa ta gaida tsoho, ta ajiye masa goro, ta ce, Baba, ko ka taɓa jin labarin Kande mai rijiya? Wane dattijo ne a ƙasar nan zai kunyata baƙuwa ya ce bai sani ba, alhali ya taɓa jin wani abu mai kama da haka? Zai ba ta abin da ya ji, ya cike gurbin da abin da ya dace. Ɗaya daga cikin biyar ɗin na san shi, Baba Ɗanjuma na Ƙauyen Alu, jikarsa tana layin gaba a wannan ajin.

Mako uku littafin yana ƙarƙashin matashina. Hadiza ta yi waya sau biyu, na ce idona ne yake damuna. Innarku ce ta gaji da ganina ina juya tuwo a kwano ta matsa mini, na gaya mata. Na zaci za ta ce ai ta faɗa tun farko. Ba ta ce ba. Ta ci gaba da tsince shinkafa, can ta ce:

"Malam, ka bar matar nan ta zauna. Wa ta cuta? Rijiya ta haƙa, ruwa ta bayar. Yarinyar nan ta gina rayuwarta a kanta, har ta sa wa 'yarta suna. Kai ka yi ɓarnar, ita za ka sa ta biya?"

Na ce mata littafin zai shiga hannun malamai, su kuma su zuba wa yaran da ba a ma haifa ba. Ta ce yaran da ba a haifa ba ba su san ni ba, Hadiza kuwa ita ta biya mini kuɗin aikin ido. Gaskiya ta faɗa, kuma na so in bi maganarta ƙwarai. Na ma zauna na fara rubuta gabatarwar, na yi layi huɗu a kan muhimmancin bincike, sai na ji kunya ta rufe ni na yaga takardar. Abin da ya tsaya mini shi ne ni kaɗai ne a duniya na san babu Kande. In na mutu da bakina a rufe, shi ke nan ta tabbata, kuma da sa hannuna a shafin farko.

Na je ofishinta ranar Talata bayan azahar. Ta tashi ta ba ni kujerarta, ta aika a kawo lemo. Na ce ta zauna, na tuna mata da wasan Litinin, ta yi dariya ta ce har yanzu tana ba ɗalibanta labarinsa. Na ce mata Kande ita ce ƙaryar makon da babana ya rasu.

Da farko gardama ta yi mini, irin ta masana. Ta ce tana da shaidu biyar da ba su san juna ba, ƙila na taɓa jin labarin ina yaro na manta, na ɗauka ni na ƙirƙira. Na gaya mata sunan mai ƙosai. Na ce ta duba ko akwai ɗaya cikin biyar ɗin da ba shi da 'ya ko jika ko maƙwabciya a wannan aji. Sannan na ce:

"Na bar muku alama, Hadiza. Na ce a inuwar darbejiya take zama. A littafinki kuma na ga tsamiya."

Ta kalli tebur. Da ta yi magana muryarta ba ta tashi ba.

"Ni na canza. Tun ina digiri na farko na ga darbejiyar ba ta shiga. Na ce Malam ba zai yi ƙarya a kan wannan ba, sunan itacen ne ya kuɓuce masa. Sai na gyara maka."

Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini ciwo a duk rayuwata ta aiki. Ta kama ni tun tuni, hujjar tana hannunta, ƙaunar da take yi mini da wadda take yi wa Kande suka sa ta rufe ƙofar da hannunta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga mini murya ba. Ta ce taron saura kwana tara, an riga an raba babin ga mahalarta, kuma ba za ta tsaya ita kaɗai ta janye shi ba. In zo in faɗa da bakina. Na ce zan zo.

Ɗakin taron ya cika da malamai daga makarantun Tarauni da kewaye, wasunsu ɗalibaina ne na da. Ta gabatar da ni a matsayin malaminta, ta miƙa mini lasifika, ta koma gefe ta tsaya. Na faɗi abin da na rubuta muku a nan, ban rage ba. Wasu suka yi dariya suna zaton wata dabarar koyarwa ce, suna jiran in ce wasa nake. Da suka ga ban ce ba sai dariyar ta ɗauke. Ita kuma ta karɓa ta faɗi nata, har da maganar tsamiya, wadda ni ban yi niyyar ambata ba. Ta ce su yaga babin, su kuma koya daga gare ta cewa ba a shiga wurin tsoho da amsa a baki. A ce masa, Baba, me ka sani game da rijiyar nan, a yi shiru a jira.

Abin da ya biyo baya ita ya fi faɗa wa. Aka dakatar da buga littafin. Kwamitin ƙarin girma ya mayar mata da takardunta, domin biyu daga cikin rubuce-rubucenta a kan Kande suke, sai da ta ƙara shekara uku a matakin da take. Abokan aiki suka laƙa mata Dakta Rijiya, ana faɗa ana rufe baki. Ni nawa mai sauƙi ne. Mutanen unguwar suka aiko mini da wakilai cewa ban isa in shafe musu kaka ba, Baba Ɗanjuma ya rantse kakarsa ta sha ruwa a hannun Kande, kuma na tabbata har zuciyarsa ya yarda da abin da yake faɗa. Sunan Kande yana nan a jikin bulon rijiyar har yau, bara ma an sabunta fenti. Innarku ta yi wata guda ba ta ce mini komai a kan maganar ba, ran da ta tanka kuma cewa ta yi in da ita ce da ba ta faɗa ba, amma ta ƙara mini nama a miya.

Salla huɗu Hadiza ba ta taka gidan nan ba. Ban aika ba, don ban ga da wane baki zan kira ta ba. Sai wata Lahadi da la'asar na ji sallamarta a zaure. Ta gaishe ni yadda ta saba, ta tambayi jiki, ta miƙo mini littafin, an buga. Babi na farko yana nan da sunansa, amma yanzu labarin yadda aka ƙirƙiri Kande ne, da yadda ta bi gida-gida har ta samu miji da shaidu, da tambayoyin da malami zai sa yara su yi wa duk labarin da aka ba su. Sunana yana ciki, nata ma yana ciki. Babu gabatarwa. Na ce aiki ya yi kyau, ta ce an gode. Har ta gyara mayafi za ta tashi, sai ta koma ta zauna.

"Malam, tambaya ɗaya ta kawo ni. Akwai wata ƙaryar da ba a tona ba?"

Na so in ce babu. Na yi tunanin Litinin nawa na yi ina wannan wasa a makarantu uku, da Juma'o'in da aka yi hutun ba-zata, da na yajin aiki, da waɗanda zazzaɓi ya kwantar da ni.

"Ban sani ba," na ce.

Ta gyaɗa kai kamar abin da ta zata ke nan. Ta ce littattafanta na sakandare suna nan, mahaifinta ya adana mata su a akwatin keken ɗinki, kuma tun bayan taron take bin su layi-layi tana duba duk abin da na taɓa koya mata. Ta gama na aji ɗaya, ta kusa rabin na aji biyu. Na tambaye ta me ta samu.

"Zuwa yanzu duk gaskiya ne," ta ce. "Amma ban gama ba."

Shekara talatin na yi ina neman ɗalibin da ba zai karɓi maganata ba sai ya bincika. Ga ta zaune a tabarmata, na samu, kuma ban ji daɗin komai ba, baƙin ciki ne ya cika ni. Na raka ta bakin ƙofa, ta ce in gaida Inna, ta shiga mota. Har yau ba ta aiko cewa ta gama ba, ni kuma ban tambaya ba.